Waƙar "Almasihu" ta Handel: Baiwar da Ta Buɗe Ƙofar Kurkuku

Karatu: 1 Bitrus 4:10-11; Matiyu 25:34-40

Da yawa daga cikinmu sun taɓa jin ƙungiyar mawaƙa tana rera babbar waƙar nan ta "Halleluya" a lokacin Kirsimati ko Ista. Amma kaɗan ne suka san wanda ya tsara ta, da kuma abin da aka yi da kuɗin da ta fara kawowa.

Mawaƙin da Aikinsa

An haifi George Frideric Handel a garin Halle na ƙasar Jamus a shekarar 1685, daga baya ya koma Landan da zama. A shekarar 1741 Charles Jennens ya aika masa da ayoyin da ya tsamo daga Littafi Mai Tsarki, yawancinsu daga Tsohon Alkawari, musamman Ishaya da Zabura. Handel ya kama aiki ranar 22 ga Agusta, ya kammala ranar 14 ga Satumba, wato kwana 24 ke nan. Waƙar ta kasu uku: annabci da haihuwar Mai Ceto, shan wahalarsa da tashinsa, inda "Halleluya" ta rufe sashen, sa'an nan tashin matattu. A ƙarshen rubutun ya sa haruffa uku, S.D.G., waɗanda a harshen Latin suke nufin ɗaukaka ta Allah ce kaɗai.

Inda Ribar Ta Tafi

An fara rera ta a birnin Dublin ranar 13 ga Afrilu, 1742, a gaban mutum wajen 700. Kuɗin da aka tara, kimanin fam 400, an raba shi ga asibitoci biyu da kuma waɗanda aka ɗaure saboda bashi; mutum 142 suka fita daga kurkuku. Daga 1750 kuma aka riƙa rera ta kowace shekara domin tallafa wa wani gidan renon yara a Landan, inda a wancan lokacin ake karɓar jariran da iyayensu suka kasa riƙewa. Ko da makanta ta same shi bai janye hannunsa ba. Ya rasu a 1759, ya kuma bar wa gidan kwafin waƙar cikin wasiyyarsa.

Darasi Dominmu

Manzo Bitrus ya koya mana cewa mu wakilai ne a kan baiwar da muka karɓa, ba masu ita ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Jennens ya tattara ayoyi, Handel ya sa musu murya, mawaƙa suka rera, matalauta suka amfana. Iyaye, in kun ga yaro yana da murya ko hannun kiɗa, ku ƙarfafa shi, ku kuma koya masa cewa baiwa domin hidima ce, ba domin tafi ba.

Tambayoyi Domin Iyali

1. Wace baiwa ce Ubangiji ya ajiye a gidanmu?
2. Wane mabukaci ne ya taɓa cin moriyarta?