Rajistar Asibiti Amana Ce

Duk matar da ta je awon ciki a babban asibitin Kankiya, ko ta kai ɗanta allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti na ƙasar Kusada, sai an shigar da ita rajista: suna, shekaru, unguwa, haihuwa nawa, ɓari nawa. Daga irin wannan rubutu masu bincike ke gane inda zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari da inda tamowa ke cin yara. Hana su gani ba dabara ba ce. Abin da ya kamata mu sani shi ne ta wace ƙofa suke shiga.

Wasu na zaton da an goge suna, asiri ya rufu. A Legas wataƙila. A ƙauye kuwa, in aka ce mace 'yar shekara 19, mai tagwaye, mijinta mahauci, har yarinya mai tallar gyaɗa ta san ko wace ce. Saboda haka ne binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi, irin na 2018, bai tsaya ga cire suna ba. Da gangan ake gusar da matsayin gari a taswira, har kilomita 5 a karkara, 2 a birni, don kada wani ya bi sawu ya kai ƙofar gida.

Akwai tsarin da ya fi wannan tsauri, wanda hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta ɓullo da shi wajen 2003. Bayanan ba sa fita. Mai bincike shi ke zuwa inda suke. Sai an tantance shi kansa, an gamsu aikinsa na amfanin jama'a ne, sannan a buɗe masa kwamfutar da ba a kwafar komai daga cikinta. In ya gama, jimilla kawai zai ɗauka, ita ma sai wani ma'aikaci ya duba. Idan lissafin ya nuna mutum biyu kacal ke da wata cuta a gari guda, ba za a bar shi ya fita ba.

Mu ma muna da doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma wajabta a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 in aka yi ɓarakar da za ta cuci mutane. Wanda ya tuna gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, da yadda zargi ya daɗe yana bin ma'aikatan rigakafi, ya san tsadar ɓacewar yarda.

To, ku ɗaliban Makarantar Fasahar Lafiya ta Kankiya Iro, gobe rajistar tana hannunku. Kada ku ɗauki hoton shafinta da waya ku tura ta WhatsApp, ko da oga ne ya ce yana sauri. Ku kuma iyaye, in baƙo ya zo da takardar tambayoyi, ku tambaye shi wa ya aiko shi, ina zai kai amsar, wa zai gani. Kuna da ikon cewa a'a, kuma ƙin amsawa ba ya hana ku magani.