Yadda Za Ka Saita Wayarka Ta Daina Cinye Maka Barci da Kwanciyar Hankali

A darasin yau za mu duba alaƙar da ke tsakanin wayar hannu da lafiyar ƙwaƙwalwa, sannan mu shiga saitin waya mu gyara abubuwan da ke hana mutum barci da nutsuwa. Komai kyauta ne, ba sai ka sauke wata sabuwar manhaja ba.

Me ya sa ajiye waya ke da wuya?

Yawancin manhajojin sada zumunta daga talla suke samun kuɗinsu. Iya daɗewarka a ciki, iya tallan da za ka gani. Shi ya sa masu gina su ke amfani da dabarun riƙe mutum, kuma uku daga ciki sun fi tasiri.

Ta farko ita ce shafin da ba ya ƙarewa. A da, idan ka kai ƙarshen shafi sai ka danna kafin na gaba ya buɗe, a nan kake samun damar tsayawa. A 2006 wani injiniya ɗan Amurka, Aza Raskin, ya fito da tsarin da sabbin abubuwa ke ta ɓullowa muddin kana jan allo. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamar yadda ake amfani da tsarin.

Ta biyu ita ce ladan da ba ka san lokacin zuwansa ba. Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya gwada haka da tantabaru: idan hatsi na faɗowa jefi-jefi ba bisa ƙa'ida ba, tantabarar ta fi nacewa da saran maɓallin. Haka kake yi idan ka wuce bidiyo tara marasa daɗi saboda na goma zai iya ba ka dariya.

Ta uku ita ce sanarwa. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke turo ta, kuma su ke zaɓar lokacin. Da yawa daga cikin sanarwar ba wani mutum ne ya neme ka ba, manhajar ce ta ga ka kwana biyu ba ka leƙo ba.

Saboda haka, idan ka sha cewa “minti biyar kawai” ka wayi gari ka cinye awa biyu, ka sani da gangan aka tsara abin. Gyaran saiti ya fi dogaro da ƙarfin zuciya kaɗai.

Ina ruwan wannan da lafiyar ƙwaƙwalwa?

A 2018, masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun yi gwaji da ɗalibai 143. An taƙaita wa wasunsu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana, har tsawon mako uku. Waɗanda aka taƙaita wa sun samu raguwar jin kaɗaici da alamomin baƙin ciki fiye da sauran. Gwajin ƙarami ne, bai nuna cewa waya ce tushen kowace damuwa ba, amma ya nuna rage lokaci na iya taimakawa.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne barci. Likitoci na ba baligi shawarar awa 7 zuwa 9 a dare, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yanzu yi lissafi: ka sayi datar dare mai rahusa, ka kwanta ƙarfe 2, ka tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5, ga makaranta ko kasuwa na jiranka. Awa uku ke nan. Hasken allo na jinkirta fitar sinadarin melatonin da ke shirya jiki don barci, abin da kake kallo kuma na hana zuciya lafawa. Rashin barci na kawo saurin fushi da fargaba da mantuwa, damuwa kuma na ƙara hana barci, sai su yi ta ciyar da juna.

Saiti biyar da za ka gyara yau

1. Fara da awo. A Android, shiga saitin waya ka nemi Digital Wellbeing, wanda Google ya fito da shi a 2018, kuma yana cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung. A iPhone sunansa Screen Time. Zai nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja. Rubuta adadin a takarda.

2. Sa wa manhajar da ta fi cin lokacinka iyaka. A wurin dai akwai agogon manhaja, da lokacin ya cika sai ta rufe har washegari. Idan awa huɗu kake yi a TikTok, kada ka yanke zuwa minti 10, ba za ka jure ba. Fara da awa uku, ka riƙa ragewa duk mako.

3. Tace sanarwa. Tun daga Android 8, ana iya kashe wani nau'in sanarwa a bar wani a cikin manhaja guda. Danne sanarwar da yatsa, zaɓin zai fito. Bar saƙon mutane, kashe na “wane ya ɗora sabon hoto”.

4. Kunna Bedtime mode, misali daga ƙarfe 10:30 na dare zuwa asuba. Yana iya mayar da allo baƙi da fari, ya kuma yi shiru da ƙararrawar saƙonni. Za ka iya ware lambar Mama da Baba domin kiransu ya shigo ko da yaushe.

5. Gyara WhatsApp. Guruf mai hayaniya za ka iya rufe masa baki na awa 8, ko mako guda, ko dindindin. Sannan shiga wajen ma'ajiya da data ka kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu. Wannan zai kare ka daga cin karo da bidiyon haɗarin mota ko na kashe-kashe da ba ka nema ba, ga kuma tattalin data.

Ƙarin shawara: idan datar dare za ka yi amfani da ita, jera abubuwan da za ka sauke, ka ajiye wayar nesa da shimfiɗa ta yi aikinta, kai kuma ka yi barcinka.

Inda saiti ba zai wadatar ba

Wani lokacin yawan riƙe waya alama ce ta ciwon da ke ciki, mutum na ɓuya ne a cikinta. Idan ka kai mako biyu ko fiye kana cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da ke ba ka sha'awa ya daina, barci ko cin abinci ya rikice, kana jin ba ka da amfani, to lokacin ganin likita ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ciwo ne kamar hawan jini, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ana addu'a, ana neman magani.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitan babban asibitin garinku ma zai iya duba ka ya tura ka inda ya dace. Kada ka sayi maganin barci ko tiramol a kemis da kanka, kuma kada ka ɗauki manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira a matsayin likita.

Idan tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka zauna kai kaɗai. Faɗa wa wani da ka yarda da shi nan take, ku tafi asibiti mafi kusa, ko ku kira lambar gaggawa 112. Idan kuma abokinka ne ka ga ya janye jiki daga mutane, je ka same shi ido da ido, ka saurare shi ba tare da gori ba.

Aikin gida

Gyara saitin nan biyar yau. Kullum da safe rubuta ƙarfe nawa ka kwanta da yadda ka tashi kana ji. Bayan kwana bakwai, kwatanta da adadin da ka rubuta a matakin farko, ka ga manhajar da ya kamata ka ƙara rage wa lokaci. Sai mun haɗu a darasi na gaba, Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.