Ƙohwar tumbi: in abinci ya ƙi wucewa



Abincin da munka ci, cikin tumbi shika sauka. Can ƙasan tumbi akwai wata ƴar ƙohwa. Tana buɗewa kaɗan kaɗan, abinci shina wucewa cikin hanji. Ga mai lahiya, bayan awa 4 kusan duk tuwon ya wuce.

Wani kuwa, abinci sai ya kwana cikin tumbi. Loma biyar, ya ƙoshi. Ciki ya kumbura, gyatsa tana ɗoyi. In ya yi amai, sai a ga waken jiya cikin aman. Mutum shina ta ramewa. Wannan ba sammu ba ne.

Sanadi biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Ko ƙohwa ta tsuke, ko kuwa tana buɗe amma tumbi ya rasa ƙarhin turawa. Tsohon gyambon ciki shina tsuke ƙohwa, ciwon daji ma haka. Rashin ƙarhin tumbi kuwa, sau da yawa ciwon sukari ka kawo shi.

Ƙaƙa likita ka ganewa? Da hwarko shina tambaya: yaushe kunka ci, yaushe kunka yi amai? Ku hwaɗi gaskiya, har kanwa da ƙwayoyin kasuwa da kuke sha. Sannan ya kama ƙugu ya girgiza ciki. In ya ji motsin ruwa kamar cikin gora, alhali an daɗe ba a ci ba, to tumbi bai zazzage ba. Ana auna sukarin jini. Ana ba mutum wani hwarin ruwa mai kauri ya sha, a ɗauki radiyo, a ga inda ya tsaya. Awon da ya hi duka shi ne na siririn tiyo mai hitila. Ta baki ake sa shi, likita ya ga ƙohwar da idonshi. 

Mu mutanen Dogarawa, asibitin Galmi na kusa, tun 1950 shina aiki. Ku hwara zuwa gidan likita na garinku ku amso takarda. In an sa muku ranar awo, kar ku sha ko hura da sahe. In aman da jini, ko kashi ya yi baƙi, kar a jira ranar kasuwa.