Darasi na Bakwai: A Auna Jini Kafin a Sha Magani

Ba sai an koya wa mutanen Kangire alamun ƙarancin jini ba. Kowa ya san jiri da kasala da haki, kowa ya iya jan fatar ido ya ga ta yi fari. Abin da ke cutar da mu shi ne abin da muke yi bayan mun gani. Mai ciki ta tashi daga bakin murhu, jiri ya kwashe ta, ta dafe bango. Uwar miji ta ƙwala wa ɗanta kira: "Kai, matarka ba ta da jini, maza ka sayo Maltina da madara!" Kishiya ta ce: "Inna, ai maganin ƙarin jini na kemis ya fi." Maƙwabciya kuma ta shigo da guntun kwalbarta ta bara, tana rantsuwa shi ya tashe ta. A yi ta shawara har la'asar, ba mai ambaton asibiti. Wannan sakaci ne. A auna jini tukuna!

Dalilin ƙarancin jini ba ɗaya ba ne. Wata sinadarin ayon ne ya yi mata ƙaranci, wata folik asid, wani bitamin B12. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ke fasa ƙwayoyin jininsa, wani tsutsar ciki ke zuƙe shi, wani kuwa sikila gare shi, kuma ɗirka wa mai sikila ayon ba bisa umarnin likita ba yana iya cutar da shi. Ido ba ya rabe waɗannan, gwaji ne ke rabewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mai cikin da awon jininta na PCV ya gaza kashi 33 tana cikinsu, ko tana daka tana surfe.

Wani zai ce gwaji kuɗi ne, ga nisa. To, kwalabe nawa ya saya a banza? Ranar da aka ce sai an yi ƙarin jini a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu, akuya zai sayar, ya kuma bi dangi yana roƙon jini. Wata za ta ce ta sha ta ji ƙarfi. Zaƙin sukari ne, tsutsar tana nan.

Zogale da wake da hanta da alayyahu suna taimakawa, shayi a kan abinci kuwa yana rage wa jiki karɓar ayon. Ƙwayoyin da ake bayarwa wurin awo a shanye su, ko bayan gida ya yi baƙi. Amma kwalbar maƙwabciya, a mayar mata da abinta. A je a auna jini.