Ƙasar gona tana da rai

Kowane manomin Kurfai ya san hatsin gindin gawo ya fi na tsakar fili tsawo. Ya san gonar da shanu suka kwana cikinta da rani takan yi kyau da damana. Ga dalili.

Cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai da madubin likita. Cokali guda na ƙasa mai kyau yana ɗauke da miliyoyinsu. Kaɗan ne ke sa cuta. Mafi yawa aiki suke yi wa manomi: suna cinye kashin shanu, da kara, da ganyen da ya zuba, su mai da su abincin shuka. In aka tuge wake, za a ga ƴan ƙulle-ƙulle jikin saiwa. Gidan wasunsu ke nan. Su ke jawo taki daga iska su ba waken.

Yawansu da irinsu ba ɗaya ba ne ko'ina. Ƙasar kwarin Dallol Boso mai laima daban, ta jigawa daban. Saurar da ta huta ta fi gonar da ake nomawa kowace shekara ba taki, ana kwashe kara ƙaf. Gindin gawo, da sabara, da kalgo, nan suke taruwa, don akwai inuwa da abinci. Makiyayar shanun Azawak ta Tukunus, arewa da Filinge, ita ma da nata. Fako kuwa, wanda ruwa da iska suka share, kusan kango ne.

Don haka ɗiban ƙasar da za a auna yana son hankali. Ma'aikatar binciken noma ta INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana auna ƙasa a Yamai. Amma abin da aka kai mata, shi za ta auna. Wanda ya ɗebo daga gindin gawo kaɗai, takarda za ta ce gonarsa duk lafiya lau, alhali rabinta ya gaji.

Sai a raba gona tukuna: jigawa, kwari, gindin itace. Kowane da nasa buhu, kada a gama. Cikin kowane yanki a riƙa tafiya karkace, kamar tafiyar maciji, a tsaya wuri 15 ko 20. A share ciyawar sama, a haƙa zurfin santimita 20, wato wajen taƙi guda. A kauce wa suri, da hanya, da tarin taki. A zuba duka cikin tasa mai tsabta, a cuɗa sosai, a ɗebi rabin kilo. A rubuta sunan gari, da irin wurin, da ranar ɗiba.

In halittun nan za a duba, kada a shanya ƙasar a rana. Zafi yana kashe da yawansu. A aje buhu a inuwa mai sanyi, a kai shi da wuri.