Kafin ka ce likitan haƙori ya maido maka da kuɗinka

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, Gadarif ta cika ta batse. Mutanen Khartum suka fara zuwa, na Wad Madani suka biyo baya a ƙarshen shekarar, cikinsu har da abokan sana'armu da suka buɗe wuraren aiki a nan. Aiki ya ƙaru, rigima kan kuɗin aiki ma ta ƙaru. Ni likitan haƙori ne, kuma ba na rasa mai zama a kujerata, kunci a kumbure, yana cewa, "Likita, cire mini wannan abin da wancan ya sa mini, in je in karɓo kuɗina."

Nakan ce masa, "Baba, dakata tukuna." Shaidarka ai tana cikin bakinka. Ranar da aka ɓalle hular haƙorin ko aka tone cikon, ba sauran wanda zai iya nuna yadda aikin farko yake. Saboda haka a fara ɗaukar hoton asibiti na haƙorin, a ɗauki na waya, likita na biyu ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, ya buga hatimi. In ruɓa ta taru ana iya fitar da ita a rage maka zafi, amma duk abin da aka cire ka karɓa ka adana.

Sannan ba kowane ciwo ne ke nuna an ɓata aiki ba. Haƙorin da aka yi wa aikin jijiya yakan yi tsami na 'yan kwanaki. Ciko in ya yi tudu, kana tauna yana sokar ka, gyaransa 'yan mintuna ne. Ramin haƙorin da aka cire kan tashi da azaba kwana 2 zuwa 4 bayan aiki idan gudan jinin da ya toshe shi ya fita, kuma masu shan sigari da masu sa tumbak (garin taba) a baki sun fi gamuwa da haka. Akwai kuma abin da ni kaina ba zan kare ba: hular da ba ta zauna ba, abinci na cusuwa ƙarƙashinta, a cire lafiyayyen haƙori a bar mai ciwon, a rufe turmin sama ba a nemi ƙaramar hanyar jijiya ta huɗu da yawancin irinsa ke da ita ba. Ɗan ƙarfen aiki yana iya karyewa cikin saiwa a hannun gwani ma. Laifin shi ne a yi shiru, a karɓi kuɗi cikakke, a sallame ka.

Yawancin faɗan da nake gani ma tun daga ciniki ya samo asali. Kayan aikinmu daga waje suke zuwa, ana lissafa su da dala, fam ɗin Sudan kuwa kullum ƙasa yake yi. Aka faɗa maka farashi da baki, ka dawo bayan wata guda aka ce ya tashi. Lokacin kakar riɗi abin ya fi yawa: manomi ya taso daga Doka ko Gallabat da kuɗi a hannu, yana so a gama komai a yini ɗaya, ya biya duka a gaba. Kada ka yi haka. A rubuta maka wane haƙori ne, wane aiki, nawa ne ladan likita, nawa ne na masu ƙera hular, ka riƙa biya zama bayan zama. In ta manhajar banki ta Bankak ka tura, rubuta dalilin biyan a wurin bayani, ka ajiye shaidar turawar.

Da takardunka a hannu, koma wurin likitan farko, ka tafi da babba ɗaya mai sanyin kai. Hayaniya a gaban marasa lafiya ba ta taɓa fito da ko sisi ba, sai dai ta sa mutum ya kafe. Faɗi abu guda da kake so: ya sake aikin ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko ya maido da kuɗin ɓangaren da ya lalace, ko ya ɗauki nauyin gyara a wani wuri. Neman duka kuɗin alhali haƙora biyu cikin uku sun yi kyau yana raunana maganarka. Da yawa a nan ake rabuwa lafiya, ko a gaban dattawan sulhu, waɗanda Larabawan garin ke kira ajawid.

In ya ƙi, akwai ƙofofi. Ma'aikatar Lafiya ta jiha ita ke ba asibitocin kuɗi lasisi, tana kuma sauraron koke a kansu. Majalisar Likitocin Sudan ita ke rajistar likitocin haƙori, ita ke ladabtar da wanda ya yi sakaci, har ta iya dakatar da shi daga aiki. Diyya kuwa maganar kotu ce, ƙarƙashin dokar mu'amaloli ta 1984. Can ba a tambayar ko haƙorin ya warke, don likita bai ɗauki alkawarin warkewa ba; ana duba ko ya yi aikin da kulawar da ake tsammani daga irinsa, kuma likitoci ne za a kira su auna hakan da hoton nan da rahoton da ka ajiye. Ragowar kuɗin da ake bin ka, kada ka ɓace da shi kawai. Rubuta wa likitan cewa ka dakatar da biya har a warware maganar, ka riƙe kwafi.