Shin Ɗan Takara Mai Zaman Kansa Zai Iya Mulkin Amurka?

Wani mai sauraronmu daga Katsina yana tambaya ko a Amurka akwai masu neman shugabanci ban da 'yan Democrat da Republican. To Malam, akwai su, doka ma ba ta hana su ci ba, tsarin zaɓen ne ke tauye su.

A can ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke naɗa shugaba ba. Jihohi da babban birnin ƙasar ke da wakilan zaɓe, jimillarsu 538, kuma in ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf. Shi ya sa a 1992 attajiri Ross Perot ya samu kusan kashi 19 cikin 100 na ƙuri'u, amma ko wakili ɗaya bai samu ba. George Wallace kuwa, da magoya bayansa suka taru a kudanci, ya ci jihohi 5 a 1968.

Abin da ke damuna shi ne zargin da ake wa irin waɗannan 'yan takara na raba ƙuri'a. A 2000, Ralph Nader na jam'iyyar Green ya samu ƙuri'a sama da 97,000 a Florida, inda Bush na Republican ya kayar da Al Gore na Democrat da ƙuri'a 537 kacal. Har yau wasu 'yan Democrat ba su yafe masa ba, alhali waɗanda suka zaɓe shi haƙƙinsu suka yi amfani da shi.

A Najeriya kuwa, tsarin mulki ya sharɗanta sai jam'iyya ta tsayar da mutum.